Wanda Ya Rufe Lakar Malam Rashidu

Ranar Juma'a da hantsi, cikin Oktoban 2016, Abukari mai kula da gininmu a Concourse Village, cikin Bronx ta New York, ya sauka ɗakin ƙasa don ya yi wa Malam Rashidu maginin tukwane faɗa a kan magudanar ruwa da laka ta sake toshewa. Faɗan da bai yi ba ke nan. Ya tarar da ƙofa a buɗe, tukwane da kasake fiye da ɗari a farfashe, tsohon kuma yana kife kusa da tebur an rotsa masa ƙeya. Dutsen da yake daɓe tukunya da shi yana gefe, jini ya bushe a jikinsa har da gashi. Likitan 'yan sanda ya ce bugu huɗu ne, kuma tun yammacin Alhamis aka yi.

Sunana Suweiba, 'yar zangon Kumasi. Mijina Kwabena shi ne abokin aikin marigayin. Ba'asante ne, ya musulunta shekara tara kafin nan, amma a bakin mutanenmu har gobe tubabbe ne. Shi a jami'a ya koyi ginin tukwane, a kan injin faifai mai juyawa. Malam Rashidu kuwa mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye a gefen Mirriya, da ƙafa yake taka lakarsa a kan ƙirgin saniya, da hannu yake gini, kuma kowa ya san ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar nan. Shekara shida suna ɗakin aiki guda, kullum cikin musu, kullum kwano ɗaya suke ci.

Abin da ya cuce mu shi ne ranar Laraba rabin ginin ya ji su suna ɗaga murya. An ji Kwabena yana cewa, "Wallahi sai na ga bayan taurin kan nan naka!" Ranar Alhamis kuma ya wuni a gida shi kaɗai yana huci, ni ina Parkchester wurin tsohuwar da nake jinya. Ba shi da shaida ko ta kyanwa.

'Yan sanda sun yi masa tambayoyi da safe suka sake shi. Da idonsa jawur ya tafi masallacin Juma'a, ni ma na bi shi. Ana sallamewa, yana neman takalminsa, mutum biyar suka rufe shi. Ina ɓangaren mata ina gani. Suka ja shi har bakin titi, suka haɗa kansa da jikin mota, suka yi ta ƙwallo da haƙarƙarinsa. Sai wani ya ce, "Hannun! Da hannun nan ya kashe shi!" Suka danne hannunsa na dama a kan dakalin titi, Abukari ya ɗaga takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki ya taka sau uku. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Sai da aka gama sannan Alhaji Tamimu, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, ya fito yana gyara babbar riga yana cewa, "Ku bari, ku bari, akwai hukuma." Da 'yan sanda suka zo, mutum ɗari biyu ba wanda ya ga komai. A asibiti suka ɗaure hannun Kwabena na hagu da ƙarfen gado, saboda sun sami zanen yatsunsa a jikin dutsen. Dutsen da yake ɗauka sau goma a yini.

Lauyan da aka ba mu bai ɓoye mini ba. Ya ce idan ba a sami wani abu ba, mijina zai tsufa a kurkuku.

*

Akwai wani tsoho da ke kasa hula da bel da rigar waya a tebur kusa da tashar jirgin ƙasa, Baba Issoufou. An ce a ƙasar Dakoro shi ake kira idan an kore raƙuma, ya bi sawu kwana uku har ƙofar ɓarawo. Samari suna tsokanarsa wai yanzu sai dai ya bi sawun tattabaru. Mutum ne da in yana maka magana ƙafarka yake kallo, abin har ya kan ba ni haushi.

Ranar Litinin na same shi, na durƙusa a gefen teburin, ban damu da masu wucewa ba.

"Ɗiyata, tashi," ya ce. "Mi kike so in yi miki? Garin ga duk siminti ne."

"Baba, ɗakin nan ƙurar laka ce tun daga ƙofa har bango."

Ya dubi silifas ɗina. "Jiya ni na wanke Rashidu," ya ce. "Na ga abin da anka yi mishi." Ya ja leda ya rufe kayansa. "Bon. Mu tafi."

'Yan sanda sun riga sun cire igiyarsu, ni kuma ina da makullin Kwabena. Baba Issoufou ya hana ni kunna fitila. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kwantar da tocila a ƙasa yadda haskenta zai share daɓen, ya daɗe yana bin ƙurar da ido. Ni abin da nake gani kawai tarkace ne da baƙin tabo inda tsohon ya kwanta. Warin ɗakin ya sa na toshe hanci da mayafi.

"Wanga ɗan sanda ne. Wanga ma. Waɗanga masu ɗaukar gawa. Ga mai ƙarfe a baki, ya shigo taku huɗu ya juya da gudu." Ya matsa gaba a tsugune. "Ga wani kuma. Takalmin fata mai santsi, mai tsini. Mutum ne mai nauyi. Dubi inda ya tsaya."

Ƙirgin yana shimfiɗe a tsakiyar ɗakin, tsakanin ƙofa da teburin Malam. Sawun ya zo daidai bakinsa ya tsaya, ƙafa biyu a jere kamar a ƙofar masallaci. A tsakiyar ƙirgin akwai tulin laka, an lulluɓe shi da buhun algarara mai danshi, an cusa bakin buhun ta ƙasa ko'ina, an kifa tsingaro ɗaya a bisa.

Baba ya ɗauke tsingaron, ya yaye buhun a hankali. A jikin lakar akwai ɗigon jini, ya yi baƙi, da ɓarɓashin fasassun tukwane. A saman buhun kuwa babu ko ɗaya.

"Kin gani?" ya ce. "Jini na ƙasa, buhu na bisa. An kashe shi, an farfasa kaya, kana anka jiƙa buhu anka rufe laka don kada ta bushe."

Na dube shi. "Wane irin mutum ne zai yi haka?"

"Mijinki da mi shike rufe laka?"

"Da leda. Yana cewa buhu ƙazanta ne."

"Shina cire takalmi in zai hau ƙirgi?"

"Kwabena? Ko a ɗakina sai na yi magana. Ta jikin bango yake zagayawa."

Ya haska gindin tulin. A nan, inda lakar ta baje ta fara tauri, akwai sawun ƙafar hagu tsirara, ya fito sarai. Yatsu huɗu ne. Inda ƙaramin ya kamata ya kasance ba komai.

"Rashidu yatsunshi goma, ni na wanke su," in ji Baba. Ya mayar da buhun kamar yadda ya same shi. "Kada ki faɗa ma kowa. In maganar ta fita, ƙafar za ta hau jirgi."

*

Ni dai zuciyata tana kan Abukari. Yana da makulli, shekara shida yana rigima da tsohon a kan magudana, kuma wanda ya fi kowa zaƙewa wurin duka sau da yawa akwai abin da yake binnewa. Muka same shi a ɗakin shara yana ɗaure buhuna. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Ina kake ran Alhamis bayan la'asar?" Baba ya tambaye shi.

"Hawa na tara, ina gyaran famfo. Baba, ni koraa, sam ban sauka ƙasa ba. Mutumin nan fa ubana ne. Muna faɗa, yes, amma shi ya raɗa wa ɗana suna."

"Cire but ɗinka. Na hagu."

"Don me?"

"Cire, maƙetaci!" na daka masa tsawa. "Da za ka taka hannun mijina ka tambayi don me?"

Ya cire, ya cire safa. Yatsu biyar, manya-manya, masu kaushi. Wallahi na ji baƙin ciki, don na so a ce shi ne.

"Wa ya fara cewa Kwabena ne?" in ji Baba.

Abukari ya sosa ƙeya. "Kowa na faɗi. Mun taru wurin Alhaji Tamimu kafin salla, yana kuka, yana cewa tsoho ya riƙe baƙo a ɗakinsa ga sakayya. Bai ce a taɓa shi ba fa." Ya ɗago kai. "Amma ku tambayi Baturiyar galari. Na ga ta fito da babban kwali ran Alhamis da azahar."

*

Washegari muka shiga Manhattan. Baturiyar doguwa ce mai furfura, tana da ɗakin da ake baje kayan fasaha ana sayarwa, kuma saura mako uku ta buɗe nunin aikin Malam Rashidu da na Kwabena. Ni nake yi wa Baba tafinta. Shi kuwa tun daga ƙofa ya gama da ita, don takalminta buɗaɗɗe ne, yatsu goma da jan farce.

Ba ta musa ba, ta je ran Alhamis, ta bar tsohon da ransa yana taka laka. Ta buɗe kwalin ta nuna mana. Wani faffaɗan kasko ne baƙi, an zuba masa farin zane mai lanƙwasa, an ja shi ya yi kamar gashin zabo. Na sha ganin Malam yana yin irinsa. Yakan dama farar ƙasa ta yi ruwa-ruwa, shi yake kiranta kunun laka, ya ɗura a ƙahon saniya da ya soka wa karan gashin tsuntsun dinya a tsini, ya riƙa tsiyayawa a kan ɗanyen kasko, sannan ya ja da gashin tsuntsu.

Ta ce ita abin da ya haukata ta ke nan. Wai a ƙauyukan ƙasarsu ta asali haka talakawan magina suke yi wa manoma kasaken gashin nama, masu arha, ba mai sa musu suna. Daga baya 'yan boko suka je suka durƙusa gaban tsofaffin nan suka koya, suka buɗe ɗakunan aiki nasu, suna buga hatimi a gindin kowane kasko suna sayarwa da tsada. Ɗaya daga cikin irinsu ya zo ƙasar Hausa ya yi shekaru, mahaifin Malam Rashidu ya yi masa takin laka, a wurinsa ya ga ƙahon ya kai gida. Mahaifiyar Malam, wadda tun kakanninta suke shafa wa tulu jar ƙasa da fara, ta karɓa ta mayar da shi nata.

"Zanen ya fita daga ƙauye ya koma ƙauye," in ji ta, "sannan na same shi a ɗakin ƙasa a Bronx."

"Tambaye ta rigimar Laraba," in ji Baba.

Ta yi murmushin takaici. Ashe Kwabena hatimi ya sassaƙa wa tsohon da sunansa, yana so ya buga a kayansa don kada wani ya ci guminsa. Malam ya ce uwarsa ta gina tulu dubu ba ta rubuta suna ba, shi wane ne. Taurin kan da mijina ya rantse zai ga bayansa ke nan. Na juya baya na share hawaye.

"Amma akwai sunan da ya nace a rubuta," ta ce. "Yana da tsohon hoto da Baturen nan ya ɗauka, mahaifiyarsa a bakin ramin laka da yara maza biyu. Ya ce in yi babbansa in rataye a ƙofa, da sunayen su uku a ƙasa. Ya ce zai ba ni ranar Juma'a, sai ya fara gaya wa ƙanensa."

Na tsaya da fassara. "Ƙanensa? A Nijar?"

"A nan New York. Bai faɗi sunansa ba."

Baba Issoufou ya ce ya ga ƙusa a bangon ɗakin, da tabon wani abu mai kusurwa huɗu da ƙura ba ta hau ba.

*

Da yammacin ranar Alhaji Tamimu ya zo gidana da kansa, da buhun shinkafa. Mutum ne mai shaguna uku, mai ƙiba, mai ƙamshin turare, wanda ba ya zama minti goma bai ambaci kakansa alƙalin Damagaram ba. Na shimfiɗa masa darduma, ya cire takalmi ya zauna da baƙin huffinsa, safar fatar nan da ba ya rabuwa da ita rani da damina. Mutane suna cewa tsantseni ne irin na gidan malamai.

"Suweiba, haƙuri za ki yi," ya ce. "Shaiɗan ne. Ni shawarata, ya amsa laifi. Ya ce faɗa ne ya kaure. Za su rage masa, shekara goma sha biyar ya fito. Ƙungiya za ta riƙe ki."

"Alhaji, bai yi ba."

"Kowace mace haka take cewa." Ya miƙe. "Kuma ki daina yawo da tsohon nan mai tallan bel. Mutane suna magana."

Na yi masa godiya har ƙofa, don a lokacin na ɗauka mai ƙaunarmu ne.

Baba Issoufou kuwa ya bar teburinsa ya tare a masallaci. Tun Litinin, kowace salla, yana zaune a kan benci kusa da wurin alwala da carbi a hannu. Duk wanda ya wanke ƙafa ya taka tayil sai ya bar jiƙaƙƙen sawu, shi kuma yana karantawa. Ranar Laraba bayan la'asar na same shi a waje, fuskarsa ba annuri.

"Ƙafa ɗari da wani abu," ya ce. "Mai kaushi, mai naƙasa, mai yatsa shida ma na gani. Mai huɗu babu."

Da safen nan likita ya gaya mini yatsun Kwabena biyu sun ruɓe, sai an cire. "To shi ke nan, Baba? Ya gudu?"

"Ban ce ba. Na tsaya ina ƙirga ƙafar da na gani. Yau na koma ƙirga wadda ban gani ba." Ya dube ni a ido, karo na farko tun da na san shi. "Akwai mutum guda da shekara ashirin muna salla sahu ɗaya, ban taɓa ganin ƙafarshi ba. Shafa yake yi bisa huffi."

Na dafa bango. Buhun shinkafarsa yana kicin ɗina, har na ɗiba na dafa.

"Kira lauyanki," in ji Baba. "Gobe addu'ar bakwai. A ɗakin Rashidu za a yi ta."

*

Liman ya yarda, tunda ana bukatar shaidu a tattara abin da mamacin ya bari. Bayan azahar aka taru: liman, Alhaji Tamimu, Abukari da sauran huɗun da suka daki mijina, Baturiya a gefe da ɗankwalin da na ara mata, da ni. Lauya ya lallaɓo ɗan sandan ciki mai binciken, suka tsaya a lungun matakala inda ba a ganinsu. An share tarkacen gefe ɗaya an shimfiɗa tabarmi, ƙirgin da tulin lakar suna nan yadda suke.

Aka shafa fatiha. Baba Issoufou ya miƙe ya ce bari ya fara da kayan aiki. Ya yaye buhun ya jefar. Sannan, da takalminsa na talla, wanda ya taka kowace irin ƙazantar titi, ya hau ƙirgin, ya ɗora ƙafa a kan tulin lakar ya murza.

"Kai! Sauka!" Muryar ta cika ɗakin. "Ba a hawa laka da takalmi, ɗan banza!"

Alhaji Tamimu ne, ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito. Kowa ya juya yana kallonsa. Liman kansa da takalmi ya tsallaka ƙirgin da zai shigo, ba wanda ya san laifi ne.

"Ikon Allah," in ji Baba, bai sauke ƙafar ba. "Jikan alƙali, wa ya koya maka ladabin laka?"

"Kowa ya san wannan."

"Liman bai sani ba. Abukari bai sani ba. Kwabena da ya yi digiri a kanta bai sani ba." Baba ya sauka, ya nuna ɗigon jinin, ya gaya musu yadda ya sami buhun a bisansa da tsingaro a kife. "Wanda ya kashe Rashidu ya cire takalmi nan, har safa, ya taka ƙirgi ƙafa tsirara ya je wurinshi. Da ya gama, ya fasa kaya don a ce kishin sana'a ne. Amma bai iya fita ya bar laka buɗe ba. Ɗan gidan magina ne." Ya haska sawun da tocila. "Ga ƙafarshi. Alhaji, cire huffinka na hagu, in ba kai ne ba in durƙusa in roƙe ka gaban jama'a."

"Ni za ka tozarta? Ni?"

"Alhaji," in ji liman a hankali, "cire mana, magana ta ƙare."

Ban ga lokacin da ya sunkuya ba. Sai dai na ga wani dogon ɓallin kasko a hannunsa, ya yi kukan kura ya kai wa Baba sara. Ya tsaga masa fuska tun daga kunne har haɓa, jini ya yi tsartuwa a kan rigar liman. Baba ya faɗi, Alhaji ya hau ruwan cikinsa ya ɗaga hannu zai soka masa a wuya. Na rarumi kujerar ƙarfe na maka masa a kafaɗa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Abukari ya shaƙo shi ta baya, suka yi birgima cikin tsingaro, Baturiya tana ihu, ɗan sanda ya faɗo ɗakin da bindiga a hannu yana cewa kowa ya kwanta.

Ni ban kwanta ba. Na kama ƙafar Alhaji ta hagu, na fizge huffin da hannuna. Yatsu huɗu ne, da wani tsohon tabo fari a gefe.

Daga nan jikinsa ya saki. Yana kwance, an murɗe hannuwansa a baya, kumatunsa a kan ƙirgin, ya soma magana ba wanda ya tambaye shi.

"Tsingaro ne ya yanke shi a cikin laka, ina shekara bakwai. Yaya Rashidu ya goye ni har Mirriya." Ya ja numfashi. "Shekara ashirin da biyar ya rufa mini asiri. Na ce masa ya bar hoton nan, ko ya cire sunana. Surukaina, 'ya'yana, jama'a, kowa zai je ya ga ni ɗan mai tukwane ne. Ya ce ya gaji da zama maraya alhali ƙanensa yana sahun gaba. Ya ce Inna ba abin kunya ba ce. Ya juya mini baya."

"Lakar fa?" in ji liman. "Ka kashe ɗan'uwanka, ka tsaya rufe laka?"

"Wallahi ban san na rufe ba," in ji Alhaji Tamimu. "Inna ba ta barinmu mu fita sai mun rufe."

An sami hoton a aljihun motarsa, bai iya yaga shi ba. Baba Issoufou ya sha ɗinki goma sha tara, ya koma teburinsa bayan mako biyu, samari kuma suka daina zancen tattabaru.

*

Ranar Asabar aka kwance Kwabena daga ƙarfen gado. Ya dawo gida da babban yatsa da manuni da wani guntu, sauran an yanke, waɗanda suka rage ma ba sa lanƙwashewa. Da na ba shi labari bai yi murna ba. Ya juya fuska bango ya yi ta kuka, yana cewa da ya sani da bai ɗaga wa tsohon murya ba.

An buɗe nunin a kan lokaci, da kasko ɗaya na Malam da kayan Kwabena da suka tsira a gida. Ya sauka ɗakin ƙasa sau ɗaya bayan nan, ya kunna faifan, ya ɗora laka. Ta yi tsalle ta bugi bango. Ya sake ɗorawa, ta sake. Ya kashe injin ya hau sama, yanzu gadi yake yi a wani wurin ajiye motoci.

Bayan wata guda liman ya kawo su, su biyar, da goro da katan ɗin lemo. Suka zauna a ƙasa a falona, manyan maza, kowa yana kallon kafet. Liman ya yi wa'azi mai daɗi a kan kuskure da afuwa. Abukari ya rarrafo yana hawaye, ya ce, "Bra Kwabena, don Allah don Annabi," ya miƙa masa hannun dama don su gaisa. Kwabena ya zaro nasa daga aljihu. Abukari ya dubi abin da ya rage, hannunsa ya tsaya a iska, ya rasa inda zai kama.

Mijina ya fi ni hali, wannan na sani tun kafin in aure shi. Ya ba shi na hagu, ya ce ya yafe musu duniya da lahira. Aka yi kabbara, aka shafa fatiha, aka fasa goro, suka tashi suna ta sa masa albarka, kowa ya fita da sauƙin zuciya.

Ni ce nake ɓalla masa maɓallin riga kowace safiya, ni nake yanka masa nama a kwano. Ni ban ce na yafe ba, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni.